Yadda Ake Gane Abin Da Ke Damun Dashen Tuffa Kafin A Ɗauki Injin Feshi

Tuffa a cikin birnin Kano baƙuwa ce, kuma duk binciken da za ka yi mata daga nan zai fara. Asalinta tsaunukan Asiya ta Tsakiya ne, wajen Kazakistan, kuma yawancin irinta na buƙatar ɗaruruwan awoyi na sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7 kafin ta yi barci ta farka da sabon toho. Hunturun Kano ba ya kai ta can. Shi ya sa irin da ake gwadawa a ƙasa mai zafi su ne masu ƙarancin buƙatar sanyi, kamar Anna wadda aka samar a Isra'ila, da Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas, da Wambugu da ake kawowa daga Kenya. Ko su ɗin ma sun fi jin daɗin Jos da Mambila. A tsakar gidan Kano, inda zafin Afrilu ke taɓa digiri 40, ga katanga da daɓen siminti suna mayar da zafi, dashen shekara ɗaya ko biyu kullum a gajiye yake.

Abin da wannan ke nufi ga mai bincike shi ne: yawancin hotunan cututtukan tuffa da za ka gani a intanet na Turai ne da Amurka. A nan, rana da ruwa da gara su ne na farko a layin zargi, sai ƙananan ƙwari masu tsotsa, cutar gaske kuwa tana can baya. Wanda ya ga ganye ya bushe ya ruga Sabon Gari ya sayo maganin feshi, sau da yawa ƙara wa dashen wahala yake yi.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: farar takarda, ƙaramar wuƙa mai kaifi ko reza, almakashin datsa reshe, tocila, sifirit na goge ƙarfe, guntun sanda ko ƙarfen rodi mai tsawon rabin mita, da wayarka don ɗaukar hoto. In akwai madubin ƙara girma, to. In babu, kyamarar waya in ka jawo ta tana nuna abin da ido bai gani. Lokacin dubawa shi ne da sassafe bayan asuba kafin rana ta ɗaga, domin ganyen da ka gani ya yi yaushi da azahar ba shaida ba ne, lafiyayyen dashe ma yana yin haka.

Mataki na farko: ja da baya ka kalli bishiyar gaba ɗaya

Tsaya kamar taku huɗu daga dashen. Abin da kake nema shi ne yadda lalacewar ta rarrabu. In duk ganyen, sama da ƙasa, ya canza iri ɗaya cikin kwana biyu ko uku, damuwar daga ƙasa take ko daga hannun mutum: ruwa, taki, saiwa, ko wani abu da aka fesa. In ɓangare ɗaya ne kawai, musamman wanda ke fuskantar yamma ko kusa da katanga, rana ce. In reshe guda ne ya mutu sauran na nan kore shar, bi reshen nan har inda ya haɗu da gangar jiki, abin yana wurin. Ƙwari da cuta kuwa ba sa kama bishiya baki ɗaya dare ɗaya. Daga wuri guda suke farawa su yi ta yaɗuwa, za ka ga ganye mai tsohuwar lalacewa kusa da mai sabuwa.

Duba sauran shuke-shuken da ke kusa. In gwanda da gwaiba da zogale duk sun nuna alama ɗaya da tuffar, ba cutar tuffa ba ce.

Sannan ka tambayi mutanen gida, kuma ka yi tambayar da ba za ta sa a ɓoye maka ba. Wa ke ban ruwa, bokiti nawa, bayan kwana nawa? An zuba ruwan wanki ko na wanke-wanke a gindin? An sa taki cikin makon nan? An fesa maganin ciyawa a kusa, ko an ari injin feshin wani? Tambayar ƙarshen nan tana warware matsaloli da yawa. Injin da aka taɓa zuba maganin ciyawa a ciki, ko an ɗauraye shi, yakan rage saura. Alamarsa sabon ganye ya fito siriri kamar igiya, a murɗe, ko ya lanƙwashe kamar cokali, tsinken ganye ya karkace, kuma ko ka buɗe ba za ka ga ƙwaro ko ɗaya ba. Babu maganin wannan sai ban ruwa da haƙuri. In tohon da ya biyo baya ya fito daidai, dashen ya tsira.

Mataki na biyu: durƙusa a gindi

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin abin da ke kashe dashe ɗungurungum a gindi yake, abin da ke kan ganye yawanci rage masa ƙarfi kawai yake yi.

Fara da ruwa. Soka rodin nan nesa da gindi da taƙi ɗaya, ya shiga kamar santimita 20, ka zaro, ka tona kaɗan ka damƙi ƙasar. In ta dunƙule ta kuma wargaje da ka taɓa ta, daidai ne. In ta zube kamar gari, ƙishirwa ce. In ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsunka ko ka ji tsami-tsamin kwata, ruwa ya yi yawa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne dashen da ruwa ya shaƙe da wanda ƙishirwa ta kama kamanninsu ɗaya: ganye ya yi yaushi, ya yi ɗorawa, ya zube. Saiwar da ta ruɓe ba ta jan ruwa, sai mai gida ya ga yaushi ya ƙara bokiti. A ƙasar jigawa da rani, bokiti mai lita 20 bayan kwana biyu ko uku ya fi ɗan yayyafi kullum. A ƙasa mai laka a ƙara tazara. A watan Agusta kuwa aikin shi ne fitar da ruwa daga gindin.

Sai ka nemi wurin aure. Kusan duk dashen tuffa na kirki ɗan aure ne, za ka ga ɗan kumburi ko gwiwa a ƙasan kara inda aka haɗa irin da ake so da gindin da ke ɗauke da shi. Wannan wuri dole ya kasance sama da ƙasa da kamar santimita 10. In an binne shi wajen dasawa, ko ƙasa ta taru ta rufe shi, yaye ta da hannu. Duba kuma ko ledar da aka ɗaure auren da ita, ko wayar da aka rataya sunan iri, ta nutse cikin ɓawo. Dashe yana kauri, waya ba ta buɗewa, sai ta shaƙe shi, sama ta bushe ƙasa na da rai. Yanke ta. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a fizge shi tun yana ɗanye, ba irin da ka saya ba ne, kuma shi zai shanye abincin.

Yanzu gwajin karce. Da farce ko bakin wuƙa, ɗan kankare ɓawo kaɗan, kamar faɗin ƙwayar shinkafa, daidai inda kara ya shiga ƙasa. Kore mai ɗanshi a ciki, rai ne. In ka tarar da launin ruwan ƙasa mai ja-ja, jiƙe, ɓawon na saɓulewa, wani lokaci da wari, ruɓar gindi ce. Ƙwayar da ke kawo ta a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa take rayuwa, tana iyo cikin ruwa ta kai ga kara, don haka ta fi kamawa da damina, da gidajen da aka haƙa wa dashe kwano ruwa na kwana a jikinsa. Ci gaba da karcewa kaɗan-kaɗan a kewaye don ka san iyakarta. In ba ta kai rabin kewayen kara ba, akwai fata: yaye ƙasa har saiwoyin farko su bayyana su sha iska, kankare ruɓaɓɓen wurin zuwa lafiyayyen nama, bar shi ya bushe, ka shafa ko ka kwarara maganin da ke ɗauke da metalaksil da mankozeb bisa ma'aunin da ke jikin fakitin, sannan ka mayar da kwanon ban ruwa ya zama zobe nesa da kara da santimita 30. In ta zagaye karan duka, tumɓuke shi, kada kuma ka sa wani a ramin nan.

Gara. Alamarta sananniya ce, hanyar ƙasa da ta ɗame a jikin kara. Kankare ta ka ga ko akwai su a ciki, ka ƙwanƙwasa karan ka ji ko ya zama holoƙo. Amma akwai abin lura: gara ta fi zuwa wa dashen da ya riga ya raunana, wanda ƙishirwa ta kama ko rana ta ƙona masa ɓawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kuma muke kiranta da hannunmu, da ɗanyen kashin shanu da bai ruɓe ba, da karan dawa ko ɓuntun shinkafa da aka tara har jikin kara, da turken busasshen itace da aka kafa don tallafe dashen. Janye ciyawar rufi ta bar taƙi guda tsakaninta da kara, sauya turken da na ƙarfe ko bututun roba, zuba garin 'ya'yan darbejiya a zobe ka cuɗa shi da ƙasa. Toka na ɗan taimakawa, amma kada a mayar da ita abin kullum, dalilin yana zuwa a gaba. In garar ta riga ta shiga ciki, sai maganin kwararawa a ƙasa irin mai imidakulofirid, wanda ba a sa shi lokacin da bishiya ke fure domin yana kashe ƙudan zuma.

In dashen ya tsaya cak, ba ya girma, yana yaushi da rana duk da ƙasa na da laima, kuma ba ka ga komai a kara ba, tona gefe ɗaya a hankali ka fito da 'yan ƙananan saiwoyi ka wanke. Lafiyayyu farare ne ko ruwan madara, masu ƙarfi. Baƙaƙe masu saɓulewa, ruɓa ce. Masu ƙulli-ƙulli kamar carbi, tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, irin wadda masu noman tumatir da kuɓewa suka sani. Tana son ƙasar yashi da wurin da aka daɗe ana shuka waɗannan. Ba a raba ta da wuri gaba ɗaya, sai dai a rage ta da takin da ya ruɓe sosai da garin darbejiya. Wani lokaci kuma abin da za ka tarar shi ne baƙar ledar reno ba a cire ba, ko saiwa ta naɗe kanta kamar gammo.

Mataki na uku: kara da rassa

Bi karan da ido da hannu daga ƙasa zuwa sama, ka fi mai da hankali ga gefen yamma. Ɓawon tuffa siriri ne. Ranar la'asar ta Maris zuwa Mayu tana dafa shi, sai ka ga dogon tabo ja-ja ko baƙi, ya ɗan lotsa, daga baya ya tsage ya ɓare, kuma gefe ɗaya kawai. Mutane kan ɗauka cuta ce. Ƙuna ce, sai dai ita ke buɗe wa cuta da ƙwari ƙofa. Maganinta farin fentin ruwa, irin na bangon ɗaki, a haɗa rabi da rabi da ruwa a shafe karan daga ƙasa har rassan farko tun a watan Fabrairu. Fentin mai yana kashe ɓawo, a kiyaye. Dashen da bai shekara ba a kafa masa zana ko ragar inuwa ta yamma, a bar masa ranar safe.

Nemi ƙananan ramuka, ka kuma duba ƙasa ko akwai gari kamar na katakon da aka yanka da zarto. Wannan tsutsa ce mai huda kara, kuma ita ce sau da yawa ke sa reshe guda ya bushe farat ɗaya. In reshe ne, datse shi ƙasa da inda ramin ya tsaya, tsaga shi ka gani da idonka, ka ƙone. In gangar jiki ce, zura siririyar waya mai laushi cikin ramin ka bi shi har ka ji ka fasa ta, sannan ka toshe da laka. Feshi daga waje ba ya kai mata.

Tabon da ya lotsa a kewayen wurin da aka taɓa datsa, mai iyaka a fili tsakanin matacce da rayayye, wani lokaci da ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe a kai, gyambon ɓawo ne na fumfuna. Datse santimita 15 zuwa 20 ƙasa da iyakarsa, a ranar da babu ruwa, ka duba yankan: in akwai launin ruwan ƙasa a cikin itacen, ƙara sauka. Goge almakashi da sifirit tsakanin yanka da yanka.

Akwai wata cutar bakteriya da ta yi suna a ƙasashen tuffa, wadda ke sa kan toho ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, ya lanƙwasa kamar ƙugiya, ganyen ya mutu bai zube ba, ɗanko mai kama da madara ko zuma na tsattsafowa. Tana son ɗumi da laima lokacin fure. Kada ka yanke hukuncin ita ce don ka ga toho ya bushe a watan Afrilu, iskar bazara ma na yin haka. Abin da ke raba su shi ne ɗankon, da jan zane-zane ƙarƙashin ɓawo, da yadda take gangarowa cikin kwanaki. In duk sun haɗu, datse aƙalla santimita 30 ƙasa da wurin, ƙone, ka kai samfuri ga masana.

Ɓawon da aka yage tsaye, da kan reshe da aka tsinke ba daidai ba, wannan ba sai an yi dogon nazari ba: akuya ce ko ragon layya da ya kwance. Ƙananan sawun haƙori biyu a jere kusa da ƙasa, ɓera ne ko gafiya. Ragar waya ce maganinsu.

Mataki na huɗu: juya ganye

Zaɓi ganye goma daga wurare daban-daban, har da sabon toho, ka juya bayansu. Kusan duk masu tsotsa a baya suke zama.

Tururuwa ko kiyashi na hawa da sauka a kara, to akwai mai ba su zaƙi a sama. Bi layinsu, za su kai ka. In sabon ganye ya nannaɗe ya dunƙule, buɗe shi: ƙananan ƙwari masu laushi, kore ko baƙi, cunkushe, su ne masu kawo darɓa, irin wadda manomi ya sani a dawa da wake. Ruwan ɗanko da suke fitarwa shi ke sa ganye ƙyalli, daga baya wani baƙin abu kamar kunkunniya ya hau kansa. Goga da jiƙaƙƙen yatsa, in baƙin ya fita ganye na nan kore a ƙasa, ba cuta ba ce, kuma zai tafi in ƙwarin sun tafi. Farin abu kamar auduga a hammatar ganye ko a tsagin ɓawo, murtsuke shi: in ya ba da ruwa, ƙwaro ne mai rai, irin wanda ke addabar gwanda, ko kuma ɗan'uwansa na tuffa wanda ke ba da ja kamar jini ya bar kumburi a reshe. Ƙananan ƙuraje masu kama da ɓawon gero manne a reshe, waɗanda farce ke ɓamɓarewa, su ma ƙwari ne duk da ba sa motsi.

A kan dashe ƙarami, hannu da ruwa sun isa rabin aikin. Murtsuke, wanke da ruwa mai ƙarfi, goge masu auduga da tsumma da aka tsoma a sifirit. Sannan ruwan sabulu: cokali biyu na shayi na sabulun ruwa mara ƙamshi mai ƙarfi a lita ɗaya. Garin omo da bilic ba sa cikin wannan, ƙona ganye suke yi. Sabulu sai ya taɓa jikin ƙwaron yake aiki, don haka a ɗaga bakin feshi ya kalli sama, a jiƙa bayan ganye, a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai har sau uku.

Na darbejiya ya fi daɗewa yana aiki. Tara 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, wanke, shanya a inuwa, fasa ka fitar da ƙwayar, daka. Giram 50 na garin a lita ɗaya na ruwa, wato rabin kilo a lita 10. Jiƙa ya kwana, tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada ya toshe bakin inji, ƙara ɗan sabulu, fesa da yamma a ranar, domin rana na kashe ƙarfinsa kuma ba ya ajiyuwa. Ba ya kashewa nan take. Hana ƙwaro ci da girma yake yi, sai bayan kwana uku ko huɗu za ka ga bambanci. Ko wanne ka haɗa, gwada a reshe ɗaya ka jira kwana biyu tukuna.

Kafin ka fesa komai, duba ko akwai masu taya ka aiki: ɗan ƙwaron nan ja mai ɗige-ɗige baƙi kamar an kife rabin ƙwallo, da 'ya'yansa masu kama da ɗan mitsitsin kada, da ƙoƙi-ƙoƙi, da gizo-gizo na gaske. In suna nan da yawa kuma darɓar a toho biyu ko uku ce, ba su mako guda.

Wanda ya fi ɓoyewa, kuma ya fi dacewa da yanayin Kano, shi ne ɗan mitsitsin jan gizo. Zafi da ƙura da bushewar iska su ne abincinsa, don haka daga tsakiyar hunturu zuwa faɗuwar ruwa yake cin kasuwarsa. Ganye zai fara da ɗigo-ɗigo farare kamar an tsira masa allura, ya dusashe, ya koma ruwan tagulla, ya zube. Mutane sukan ce ƙurar hunturu ce. Ga gwajin: riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe, kaɗa reshen sau uku, ka zuba wa takardar ido na ɗan lokaci. In ƙurar ta fara tafiya, shi ne. Shafa yatsa a kai, zai bar jan zane. In ya yi yawa har siririyar yana za ka gani tsakanin ganye. Wanke bayan ganye da ruwa sau biyu a mako yana karya shi ƙwarai. In ya fi ƙarfin haka, abamektin bisa ma'aunin kwalba, a maimaita bayan mako domin ƙwansa ba ya mutuwa a feshin farko. Babban kuskure a nan shi ne fesa saifametirin ko lamda, maganin da kowa ya saba da shi a gonar wake. Suna kashe maƙiyan gizon su bar shi, bayan sati biyu ya dawo ninki.

Masu tauna ganye sun fi sauƙin ganewa kuma sun fi ba da tsoro fiye da ɓarnar da suke yi. Gefen ganye a yage ba tsari, fara ce. Ganye biyu manne da yana da ƙananan baƙaƙen kashi, tsutsa ce a ciki, matse ta. Ganye ya zama raga ko ya ɓule da safe alhali da rana ba ka ga kowa ba, musamman bayan ruwan farko, fito da tocila bayan isha'i: ƙwari ne masu taurin baya da ke kwana a ƙasa su hau da dare, kaɗe su cikin bokitin ruwan sabulu. Yanka mai kyau kamar rabin wata a gefen ganye kuwa wata ƙudar zuma ce ke ɗiba don gina gida, a ƙyale ta. Dashe mai lafiya yana jure rasa kashi ɗaya cikin biyar na ganyensa. Abin da ba ya jurewa shi ne a cinye kan tohon da zai zama gangar jiki.

Mataki na biyar: launi da tabo

In babu ƙwaro, karanta launin, kuma abin tambaya shi ne tsohon ganye ne ko sabo. Tsofaffi na ƙasa sun yi ɗorawa baki ɗaya, girma ya ragu: yunwar naitirojin ce, ko ruwa ya yi yawa. Sababbi na sama sun yi ɗorawa ko fari amma jijiyoyinsu na nan kore kamar an zana: ƙarancin sinadarin ƙarfe. Yawanci ƙarfen na cikin ƙasar, kanwa-kanwar ƙasa ce ta hana saiwa ɗauka. Tuffa na son ƙasa mai ɗan tsami, 6 zuwa 7 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH, mu kuwa muna dasa ta a filin da aka zubar da ragowar siminti da bulo, muna ƙara toka, muna ba ta ruwan wanki. Daina waɗannan, ƙara ruɓaɓɓen taki, ka fesa takin ganye mai ƙarfe da yamma. Ƙananan ganye sirara cunkushe a kan reshe kamar tuntu, ƙarancin zinki ne, shi ma takin ganye ke gyara shi.

Gefen ganye ya ƙone ya zagaye, tsakiya kore: gishiri ko zafi. Yawanci NPK ne da aka zuba a jikin kara, ko ɗanyen kashin kaji. Kwarara bokiti uku ko huɗu a hankali ya wanke ƙasar. Nan gaba, cikin tafin hannu ɗaya ya ishi dashen shekara guda, a zobe nesa da kara, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ba a tsakiyar bazara ba.

Farin gari kamar an barbaɗa fulawa a sabon toho, ganye ya tsuke ya miƙe: fumfunar toka. Ba ta buƙatar ruwan sama, don haka ana iya ganinta da kaka da hunturu. Ƙura tana wankuwa ta bar ganye daidai, ita kuwa tana dawowa kuma ganyen a naƙashe yake. Tsinke tohon da ya kamu ka ƙone. Farar wuta ta feshi na maganinta, amma tana ƙona ganye in zafi ya haura digiri 30, kuma ba a haɗa ta da man feshi ko a bi ta da shi cikin sati biyu, saboda haka a Kano sai cikin sanyin Disamba da Janairu, da yamma.

Tabo zagayayye ruwan ƙasa, mai baki-baki ko shuɗi a gefe, wani da zobe-zobe a ciki, wanda ya fara daga ganyen ƙasa a Yuli da Agusta ya yi sama: tabon ganye na fumfuna, ruwan sama ne ke fantsamo shi. Tsince waɗanda suka kamu, share na ƙasa, rage cunkoson rassa, daina jiƙa ganye da dare. In yana ci gaba, mankozeb kamar giram 2 zuwa 2.5 a lita, bayan kwana 10 zuwa 14. Kariya yake yi wa ganyen da bai kamu ba, tabon da ya riga ya fito ba zai goge ba, don haka sabon ganye ake dubawa a san ko magani ya ci. Ƙazuwar tuffa da littattafai suka fi ambata, mai tabo kore-baƙi kamar karan-miski, tana son sanyi da ganyen da ya daɗe a jiƙe, ta fi zama abin damuwar mai lambu a Jos.

Wani abu kuma da ba cuta ba: bayan hunturu dashe ya ƙi tohowa sai a kan rassa, tsakiya tsirara, tsofaffin ganye sun maƙale. Rashin isasshen sanyi ne. Masu noman tuffa a ƙasashe masu zafi irin su Indonesiya suna tsige ganyen da hannu su lanƙwasa rassa su kwanta don idanun su farka, amma ana yi wa bishiyar da ta kafu ne, ba dashen wata shida ba.

In ka bi duk wannan abin bai fito ba, ɗauki hoto uku: bishiyar gaba ɗaya, gindin, da bayan ganye a kusa. Yanko reshe da ya haɗa mataccen wuri da rayayye, domin a iyakar nan ake samun mai laifin, busasshe ƙaƙas ba ya nuna komai. Sa shi a ambulan takarda, leda na dafa shi kafin ka isa. Rubuta ranar dasawa, irin, yawan ban ruwa, da duk abin da aka zuba ko aka fesa. Malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano, tsangayar aikin gona ta Jami'ar Bayero, da tashar NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu da itatuwan marmari, da ke Bagauda wuraren tambaya ne. In sun rubuta maka magani, sayi mai lambar NAFDAC a cikin kwalbarsa ta asali, duba ranar lalacewa, ka bar na ɗure da ake aunawa a gorar ruwa. A tsakar gida ake wannan feshin, inda yara ke wasa kaji ke kiwo, don haka a kwashe kwanuka da shanya, a rufe randa, a sa safar hannu da takunkumi, a fesa bayan la'asar sakaliya lokacin da iska ta kwanta, kuma a sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, a jira kwana bakwai zuwa goma a ga abin da sabon toho zai nuna.